Tatsuniya da gwajin sauti a tsohon soron ƙasa: yaya za a tsara shi?

Ɗan Kurmi

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masana nake nema. Muna shirin daren tatsuniya a cikin birnin Kano, amma ba irin na dandamali da manyan lasifikoki ba. So muke mai ba da labari ta zauna a tsohon soron ƙasa mai tulluwa, jama'a su kewaye ta a tabarmi, a gefe kuma a sami masu sauti biyu. Ɗaya mace ce mai shantu da ƙwarya da ake kifawa a ruwa. Ɗayan yana kan kwamfuta, yana sako sautukan da aka naɗo a gari, irin su lugude, bugun maƙera, kukan gyare da hayaniyar kasuwa daga nesa, yana ja yana murɗawa har su koma wani abu dabam.

Soron na wani tsohon gidan dangi ne. Faɗi mita 6, tsawo mita 6, tsakiyar rufin ya ɗan haura mita 5. Ƙofa babba ɗaya ce, sai ƙarama mai shiga shigifa, da taga biyu ƙanana can sama. Daɓen siminti ne, bangon kuwa yaɓen ƙasa ne mai zane. In abin ya yi kyau, muna so mu nemi izinin yin irinsa a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa.

Mutum nawa ya kamata a shigar? Wace irin lasifika, kuma a ina za a ajiye ta? Sauti zai iya yi wa ginin lahani? Batun wuta fa, janareta ko batir? Allah ya saka da alheri.

Mai Miksa

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Kurmi, kada ka yi hayar ko waya ɗaya sai ka je ka saurari soron. Je ka da dare, a daidai lokacin da za ku yi taron, a rufe abin da za a rufe, a buɗe abin da za a buɗe. Ka fasa balan-balan, ko ka haɗa katako biyu ka buga sau ɗaya da ƙarfi, wani yana naɗa da waya. Akwai manhajoji na kyauta masu auna lokacin da amo ke ɗauka kafin ya faɗi da desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A maimaita a wuri huɗu a ɗauki matsakaici. Magana tana fita sarai in lokacin yana tsakanin sakan 0.6 da sakan 1. Da ya haura 1.5, kalmomi sun fara hawa kan juna, kuma Hausa tana jin jiki a nan, tun da tsawon wasali da hawa da saukar murya su ke rarrabe ma'ana.

Ga yadda lissafin yake, na masanin sauti Sabine da masu wannan sana'a ke aiki da shi sama da shekara ɗari: lokacin amo daidai yake da 0.161 sau girman ɗaki, a raba da jimlar abin da ke shanye sauti. Soronka zai kai wajen kubik mita 180. Mu ƙaddara ka auna shi babu kowa ka sami sakan 1.6. Ke nan abin da ke shan sauti a ciki bai wuce murabba'in mita 18 ba. Mutum ɗaya a zaune da tufafinsa yana ƙara kimanin 0.4. Mutum 30 sun ƙara 12, jimla 30, lokaci ya sauko kusan sakan 1. Ka shimfiɗa darduma mai kauri inda babu mai zama, ka sauko wajen 0.8. Wato jama'ar da kansu su ne maganin amsa-kuwwar, shi ya sa gwajin da aka yi a ɗaki fayau yake yaudara. Tabarmar roba ba ta shan komai. Ta kaba ta ɗan fi ta, darduma a kan ta kaba ta fi duka, musamman da yake daɓenku siminti ne.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Faɗi da tsawo duk mita 6 ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 348 a sakan a ɗumin daren Kano. Raba 348 da ninkin faɗin, wato 12, ka sami haz 29 (haz shi ne yawan karkarwar sauti a sakan ɗaya). Daga nan ɗakin zai riƙa kumbura sauti a haz 58, 87, 116, haka har sama, kuma da yake gefen biyu tsawonsu ɗaya, kumburin ya taru wuri guda. Muryar namiji tana farawa ne tsakanin haz 85 da 180, don haka in namiji zai yi magana za ka ji wasu kalmomi suna gunji. A kan miksa a yanke duk abin da ke ƙasa da haz 100 a layin murya, a layin kwamfuta kuma ƙasa da 80. Babbar lasifikar bes ta gidan biki, kada ma ta shigo layin gidan.

Tulluwa kuma tana tattara sauti ta maido shi wuri ɗaya. Ta ƙasa ba ta kai ta kankare tsanani ba, domin bakan gizon ginin, wato bakan da ke riƙe da rufin, da ke ratsa ta yana wargaza wani abu, amma akwai. Sa wani ya zauna inda mai labari za ta zauna yana magana a hankali, kai kuma ka riƙa rarrafe daga wuri zuwa wuri, kunnenka a tsayin wanda ke zaune. Za ka iske inda murya ke ƙaruwa da inda take dusashewa. Ka sa alama da ɗan dutse. Kada makirufo ya zauna a ƙarƙashin tsakiyar tulluwa, nan ne lasifika ke saurin yin kuka. Mai labari ta zauna kimanin mita ɗaya da rabi daga bango, ta ba shi baya, bangon zai taya ta turo murya.

Lasifika ƙanana masu amfilifaya a ciki, inci 5, guda uku sun isa. Biyu a cikin soron, hagu da dama, a kan sandunansu, an sa soso ko roba a ƙarƙashin ƙafafun, aƙalla rabin mita daga bango, kuma ban da kusurwa domin kusurwa tana ƙara kaurin sauti. Ta ukun, ita ce shawarar da na fi so ka ɗauka: kai ta cikin shigifa, ka juya fuskarta ga bango. Duk sautin da ake so a ji daga nesa, ko kasuwa ko takun Dodo, ta can za a sako shi. Ginin da kansa zai tace shi, ya rage masa kaifi, ya ba shi nisa, abin da kwamfuta ke kwaikwaya da ƙyar. Wanda ya shiga tsohon gini ya cika shi da amsa-kuwwar kwamfuta ya yi asarar ginin.

Ƙarfi kuma: hira ta yau da kullum desibel 60 ce a tazarar mita ɗaya. Sautin da ke ƙarƙashin magana ya zauna ƙasa da murya da desibel 10 zuwa 15. In labari ya tsaya aka bar wa sauti fili, kada ya wuce 80. Ga ƙwaryar ruwa, ɗan makirufon mannawa a bayanta ya fi na sanda, sai dai yana bukatar ƙaramin amfilifaya mai babbar turjiya, megom ɗaya zuwa sama, in ba haka ba sautin zai fito siriri, duk zurfin ƙwaryar ya tafi. Mai labari kuma, in muryarta ba ta da ƙarfi, a sa mata ɗan makirufon kunne a ɗaga kaɗan.

Jikan Magina

Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayanin sauti, ni ta ginin zan bi, kuma da za a ji tawa, wannan ne farko kafin balan-balan.

Ɗana, rufin soron nan azara ce ke riƙe da shi, itacen giginya da aka tsaga. Azara ɗaya ba ta tsallake fiye da kimanin mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa ake ɗaure su gaɓa-gaɓa, a turo daga bango, a lulluɓe da ƙasa har a haɗa baka. Duk abin da kake gani kamar ƙasa zalla, akwai ƙashin itace a ciki, kuma ƙasar da ke samansa nauyi ne da ita ƙwarai. Giginya ba ta saurin ba gara kai, amma in ta tsufa ruwa ya taɓa ta, tana ruɓewa daga bakin da ya nutse a bango, inda ido ba ya gani. A kira tsohon maginin ƙasa, ba mai bulo ba. Zai ƙwanƙwasa azarar da ke fili da sanda: mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda ta lalace tana amsawa kamar fanko, wani lokaci har gari ya zubo. Zai duba hanyoyin gara a bango, da gindin kowane baka, da tsakiyar tulluwa. Tsagar da ta bi yaɓe sama-sama ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ratsa baka a gicciye, ko wadda yatsa ke shiga, wannan a fasa taron sai an gyara. In akwai tasa ko faranti da aka dasa a tsakiyar rufi don ado, a taɓa a ji ko tana motsi, domin ita ce za ta fara ƙara kuma ita ce za ta fara faɗowa.

Daɓen simintin nan ma a dube shi. Siminti ba ya barin danshin ƙasa ya fita, sai danshin ya gangara ya hau bango, ya taho da gishiri, gindin bango ya riƙa zaizayewa. Shafa hannu a ƙasan bangon. In yana marmashewa, to yaɓen sama ma ba shi da tabbas.

Kan ko sauti zai rushe gini: ƙananan lasifikokin da Injiniya ya faɗa ba za su girgiza bango mai kaurin rabin mita ba. Ma'aunin Jamus na girgiza a gine-ginen tarihi yana farawa ne daga milimita 3 a sakan a tushen gini, kuma lasifika inci 5 ba ta kusa da nan. Abin da ke faɗowa shi ne yaɓen da ya riga ya saki, da zanen da ya rabu da bango yana jiran dalili. Dalilin kuwa yawanci ganga ce, ko bes, ko mutum talatin suna buga ƙafa tare. Gwajin ba shi da wuya. A shimfiɗa farin ƙyalle a gindin bango duk kewaye, a kunna sautin da ya fi kowanne ƙarfi a shirin na minti 10, a kashe a duba. Ƙura kaɗan ba komai. In ka ga ɓarɓashi kamar tsakin gero, ka rage, ka ɗaga kai ka nemo inda ya fito.

Amma gaskiya, hannun mutane ya fi lasifika ɓarna. Ba a kafa ƙusa. Ba a manna salatif a kan zane, domin in za a cire da fatar bangon yake tahowa. Ba a rataya fitila ko waya a jikin azara. Ba mai hawa rufi don jan waya, ba a zura kebul ta indararo. Waya ta bi ƙasa, a rufe ta da darduma, a danne ƙafar sanda da buhun yashi. A bar tazarar taku ɗaya tsakanin bayan mutane da bango, a ja igiya ƙasa-ƙasa ko a jera matasai, domin duk wanda ya zauna a ƙasa jingina yake nema, kuma gumin baya da gogar riga suna cinye makuba.

Ƙwaryar ruwa ta ba ni tsoro kaɗan. A sa bahon a kan tamfol mai ninki biyu da aka naɗe bakinsa, a tsakiyar ɗaki, nesa da bango da soket. Ruwan da ya fallatsa a gindin bangon ƙasa ba ya tafiya haka nan.

Aci-balbal da kyandir suna da kyau a ido, na sani, amma a bar su. Akwai zana ko asabari a tsakanin azara da ƙasar rufi, sun bushe shekara da shekaru. Fitilar LED mai launin ɗorawa a cikin alkuki ta wadatar. Turaren wuta ma a yi shi a tsakar gida.

Yawan mutane: murabba'in mita 36 ne. Cire 8 na masu wasa da kayansu, cire tazarar bango, cire hanya mai faɗin mita ɗaya zuwa ƙofa wadda ba mai zama a kai. Abin da ya rage ba zai ɗauki fiye da mutum 25 ba, har da yara. Injiniya ya yi lissafi da 30, ni ban yarda a kai nan ba. Kowane mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, ga numfashi da gumi, taga biyu ƙanana ba za su kwashe ba. In masu so sun yi yawa, a yi zama biyu, a bar rabin awa a tsakani ƙofofi a buɗe. Lokaci kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, rufin ya sha ruwa ya ƙara nauyi, Agusta ta fi muni. Oktoba a bar shi ya bushe a yi gyaran laso. Da bazara kuwa bangon yana sakin zafin da ya sha da rana har tsakar dare.

Gwaggon Yara

Sannunku da ƙoƙari. Baba Magini, Allah ya ƙara girma. Injiniya, akwai inda ba mu haɗu ba: makirufon kunne. Ɗaki mita 6, mutum 25, wanda ya fi nisa bai wuce taku biyar ba. A cire shi. Tatsuniya da raɗa take tafiya, da jan numfashi, da juyawa a kalli yaro ɗaya a ce masa "kai ka san abin da Gizo ya yi?" Da zarar murya ta fito ta lasifika, kunne ya bar bakin mai magana ya koma sanda, mai sauraro ya zama ɗan kallo. Amshi kuma ya mutu, domin ba mai son ya ɗaga muryarsa tsirara a gaban muryar da na'ura ta ƙarfafa. In muryar mai labarin ba ta kai ba, a rage sautin, ko a matso da mutane.

Ɗan Kurmi, abin da nake so masu sautinka su riƙe shi ne tatsuniya ta zo da sautinta. Kwatsam, tinjim, fagam-fagam, sululu, duk suna bakin mai labari. In ta ce "sai ya faɗa ruwa tsundum" kwamfuta kuma ta sako ƙarar faɗawa ruwa, an maimaita magana, an kuma nuna wa yaro cewa bakin bai isa ba. Wurin sauti shi ne inda baki ya yi shiru ko ya gajarta: doguwar tafiya a daji da mai labari ta taƙaita da "ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya", faɗuwar dare, jiran Dodo kafin ya iso. Dodon kansa muryarta ce, kada a ba shi wata. Haka tsamin bakin Gizo, abin dariyar duk a baƙaƙen da yake murɗewa yake, ƙaramin sauti mai kaifi kamar kukan gyare yana iya rufe shi. In Gizo na magana, a yi tsit.

Wurare uku ba a taɓa su ko kaɗan. "Ga ta nan, ga ta nanku", a jira ɗaki ya ce "ta zo mu ji ta". Waƙar da ke cikin labari, mai labari ta bayar jama'a su amsa, shantu kaɗai ya raka, shi ma sai a zagaye na biyu bayan sun kama amshin. Sai "ƙurunƙus" na rufewa. Kwamfuta ta yi shiru a duk ukun.

Kada a tsara sautin da agogo, a ce a minti na huɗu kaza zai shigo. Mai tatsuniya ba ta maimaita labari iri ɗaya sau biyu, tana ja ko ta gajarta gwargwadon fuskokin da ke gabanta. A zauna da ita a yi bita sau biyu ko uku, a fitar da gaɓoɓin labarin, a yarda a kan kalma ko motsin hannu da zai buɗe kowane sauti da wanda zai rufe shi. Mai kwamfuta ya zauna inda yake ganin fuskarta, ya rage hasken allonsa, idonsa a kanta.

A fara da kacici-kacici na minti biyar zuwa goma. "Ƙulin ƙulifita", su ce "gauta", wanda ya kasa ya ba da gari. Da haka baki ke buɗewa, kunne kuma ya saba da ɗakin. Tatsuniya uku ko huɗu, kowacce minti 10 zuwa 15, da ɗan filin sauti zalla na minti biyu ko uku a tsakani. Duka kada ya wuce awa ɗaya da kwata, zaman ƙasa yana gajiyar da manya. A fara bayan isha'i, an tabbatar masallatan unguwa sun idar, a tashi kafin ƙarfe goma saboda mata da yara. Mata gefe, maza gefe, yara a gaba. A sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da sauran kwanaki.

Sautukan da kuka naɗo a gari, a saurare su da kyau kafin a fara murɗawa. A Kano da wuya ka naɗi minti goma a waje ba kiran salla ko karatun allo ya shiga ba. Duk inda ya shiga a yanke wurin gaba ɗaya, ba a ja shi, ba a juya shi baya, ba a ɗora masa kiɗa. Matan da aka naɗi lugudensu da maƙeran a gaya musu inda za a sa, kuma in ana jin hirar wani sarai a cire. Tambari da kakaki na sarauta ne, ko naɗaɗɗu ne kada a sako su don ado, balle in kun kai Gidan Makama, ga fada nan tsallaken titi.

Ɗan Kurmi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun tsaya a mutum 25 da zama biyu, kuma za a kira magini kafin komai. Gwaggo, makirufo zai fita. Saura batun wuta, Injiniya. Sannan mai kwamfutarmu yana so a yi wani abu da muryar soron kansa, ba sautin waje kaɗai ba. Akwai hanya?

Mai Miksa

Batir, ba janareta ba. Ƙaramin janareta na kasuwa yana kaiwa desibel 70 a tazarar mita 7, kuma duk ninka tazara desibel 6 kawai kake ragewa: 64 a mita 14, 58 a mita 28. Raɗar da Gwaggo ke magana a kai ba ta kai haka ba. Ga iska mai kisa da ke cikin hayaƙinsa, wadda ba a jin warinta, in ta sami hanyar shiga ɗaki mai taga biyu.

Kayanku ba su da ci. Lasifika uku a ƙaramin ƙarfi, a ce wat 25 kowacce, miksa 15, kwamfuta 50, fitilu shida masu wat 5. Jimla 170. Inbata tana cin nata, a ce 200. Gwaji da zama biyu awa huɗu ne, wat-awa 800. Batirin lithiyam mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,280, ya isa har da saura. Na ruwa mai wannan girman rabinsa kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko, wato 600, don haka biyu za a haɗa. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta layin gari, domin mai arha tana sa lasifika zuzu. A ajiye ta a tsakar gida saboda fankarta, a jawo waya ɗaya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, komai ya sha daga soket guda ta bayan na'urar katse wuta mai miliamfiya 30, tun da akwai baho da ruwa. In ka ji gunji na haz 50 a lasifika, yawanci cajar kwamfuta ce. Zare ta ka ji. In ya ɗauke, kwamfutar ta yi aiki da batirinta, ko a sa akwatin raba layi tsakaninta da miksa. Kada a cire wayar atin don kashe gunji. Doguwar waya zuwa shigifa ta zama XLR, irin wayar makirufo mai ƙafa uku.

Muryar soro kuwa, akwai hanyar da wani mawaƙin gwaji na Amurka, Alvin Lucier, ya yi suna da ita a 1969. A naɗi jimla ɗaya a cikin ɗakin. A sako ta ta lasifika, makirufo a nesa da ita mita 3 yana sake naɗa. A sako na biyun a naɗi na uku, haka haka. Kowane zagaye ɗakin yana ƙarfafa sautukan da suka dace da girmansa yana cinye sauran, har kalmomi su narke, a bar wani amo mai kama da busa wanda na wannan soron ne shi kaɗai. A ƙaramin ɗaki mai amsawa, zagaye 10 zuwa 15 ya kan isa. A daidaita ƙarfi bayan kowane zagaye, in ba haka ba ya dusashe ko ya fashe. Don wannan aikin kaɗai a sauke yankan zuwa haz 50 domin 58 da 87 su fito, amma a hankali, farin ƙyallen Baba yana shimfiɗe. A yi shi tun kafin ranar, ɗaki babu kowa, da tsakar dare, domin babur ɗaya da ya wuce a zagaye na biyu zai zauna a ciki har ƙarshe. Ranar taro a sako shi a filayen da Gwaggo ta ware tsakanin labarai.

Kan makirufo, a cikin soro na bi Gwaggo. A fili kuwa, inda babu bango da rufin da za su maido murya, tana faɗuwa desibel 6 duk ninkin tazara, wanda ke mita 8 zai ji 42 ne kawai, ƙasa da hayaniyar titi. Can dole a sa.

Jikan Magina

Tun da an ambaci gidajen nan biyu, hukumarsu ba ɗaya ba ce. Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, kuma dokarta ta hana a taɓa ko a sauya wani abu a ginin da aka ayyana ba da izini ba. Gidan Ɗan Hausa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Takarda za a rubuta wa shugaban gidan, a kai da hannu, da sauran aƙalla wata guda.

A cikin takardar a sa rana da awa, yawan mutane, zanen ɗakin da inda kowane kaya zai zauna, jerin kayan da nauyinsu, iyakar desibel, da alkawarin ba ƙusa, ba wuta, ba abinci a ciki. A haɗa da hotunan zaman da kuka yi a soron gida, har da na farin ƙyallen bayan gwaji. A nemi ma'aikacin gidan ya tsaya daga shigo da kaya har fitar da su, a ɗauki hoton bango da daɓe tare da shi kafin a fara da bayan an gama. Ɗakunan da ke da akwatunan gilashi da kayan tarihi kada ma ku roƙa, gilashi yana karkarwa tun kafin bango ya ji komai. Zaure ko fili za ku nema, kuma duk awon da aka yi a soronku sai an sake shi daga farko a can.